Ka Riƙe Abincin Sai Na Gama Magana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan su Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Katsina lafiya, ba ciwon kai ba na ƙafa. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya haɗa ka da abokan zama na ƙwarai. Innarku ce za ta sa wannan takarda a jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji da kuka, saboda haka in ka buɗe ta ka kama atishawa, ka san inda za ka kai ƙara.

Ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana. Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba, haka na tarar ubana yana yi da yayana, ban kuma ga dalilin canzawa ba. Mutumin da duk ƙauyen nan ke kira Sale Rediyo, wanda in ya kama zance a gindin darbejiya sai ladan ya raba, shi ne in ka shigo zaure ba ya samun abin faɗa sai "an dawo?" To abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada. 'Yar firamaren da na yi ba ta tafi a banza ba.

Labarin gida ba sai na ba ka ba, yanzu ka baro shi. Ni dai alhamdu lillahi. Masara ta yi, waken suya ya yi, ƙafata da ke damuna ta lafa, ga shi kuma ka sami aiki a ofishin ɗan majalisarmu na jiha. Innarku ta ce mini kai ne za ka riƙa zama a teburin bakin ƙofa: in mutanen mazaɓa sun zo kai za ka tarbe su, ka rubuta sunayensu, ka sa a kawo musu abinci, sannan ka shigar da su wurin Onarabul. Da na ji haka sai da na yi dariya ni kaɗai a gona. Wannan teburi na san shi sarai, sai dai ta ɗaya gefen na san shi. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

Ka san rafin da ya raba mu da hanyar Maska. Da rani ɗan akuya ma tsallake shi yake yi yana wasa. Da damina kuwa in ya kawo, shi ke nan an kulle mu a ɗaki. Mai naƙuda ta jira, mai zazzaɓi ya jira, mai kai masara Dandume ya jira, babur sai mutum huɗu sun ɗauke shi a kafaɗa. Tun kana rarrafe abin da muke nema bai wuce gada ba. Ba ma wata babba ba, kwalbati mai baki uku ya ishe mu. Abin da ba ka sani ba shi ne, cikin waɗanda suka sa har yau babu gadar nan, har da ubanka.

Kana aji biyu aka zaɓi wani ɗan majalisa na jam'iyyarmu. Ba zan kira sunansa ba, yana nan da ransa, kuma ba ƙararsa na kawo maka ba, tawa na kawo. Ni ne wakilinsa a akwatin ƙauyen nan. Gida-gida na bi, har muryata ta dushe. Lokacin neman ƙuri'a da kansa ya zo bakin rafin, ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa, ya ce in Allah Ya ba shi, damina biyu ba za ta same mu a haka ba. Damina biyu ta zo ta wuce, ko tsakuwa ba a sauke ba. Sai mai unguwa ya tara mu, aka ware mutum goma su je Katsina su tuna masa, aka ce Sale ne zai yi magana, tunda shi Allah Ya ba baki kuma shi Onarabul ya sani.

Babanka Idi, abokina tun muna kiwon awaki, ba jam'iyyarmu ɗaya ba. Amma shi ya ɗauko babbar rigarsa mai aska takwas ya ara mini, ya ce kada in je gaban manya kamar wanda aka koro daga gona. Kwana uku ina haddar abin da zan faɗa. A gona nake tsayawa in yi wa karan dawa jawabi, in ɗaga hannu in sauke, har da inda zan yi shiru don maganar ta shiga. Wallahi da dawa na da ido da ta yi kuka.

Muka yi asubanci ba wanda ya karya. Muka isa wajen azahar, yunwa kamar ta kashe mu. Mai teburin bakin ƙofa, wato mai irin aikinka, ya tarbe mu da fara'a, ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi da kafet mai laushi, kafin mu gama gyara zama sai ga shinkafa da kaji da lemo mai raɓa a jikin kwalba. Muka ci, ba ƙaramin ci ba. Muna cikin suɗe hannu Onarabul ya shigo. Ya wuce kowa ya rungume ni, ya kira sunana, ya juya ya gaya wa mutanensa cewa wannan shi ne ya kawo masa akwatin ƙauyensu ba ƙuri'ar da ta zube. Ya tambayi Innarku, ya tambaye ka, har sunan sanmu na noma ya tuna. Sannan ya zauna ya ce, to, lafiya dai ko?

Na miƙe cikin rigar Idi, man kaza bai gama bushewa a yatsuna ba. Na dubi fuskarsa yana murmushi, na dubi ƙasusuwan da muka tara a faranti. Jawabin kwana uku ya bi iska. Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne:

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai muka kawo, da godiya."

Na kuwa zuba godiyar, na zuba addu'a, mutum tara suna amin. Aka ba mu kuɗin mota da shadda yadi biyar-biyar. Da muka iso, Idi na tsaye a bakin rafi yana jiranmu. Ya ce me ya ce? Na ce, ya ce yana sane. Ƙarya na yi, kuma ita ce ƙarya ta farko da ta taɓa shiga tsakanina da shi.

To ka ji. Duk mutumin ƙauye da ya bar gonarsa, ya sha wannan doguwar tafiya, ya zo gabanka ya ce gaisuwa kawai ya kawo, kada ka yarda. Gaisuwa ai waya na kai ta. Akwai magana a cikinsa, kunya ce ta danne ta. Ka ja shi gefe ka tambaye shi abin da ya baro a gida, ka rubuta, ka sa a gaban Onarabul. Kuma kada ka ce dabara aka yi mana da abincin nan. Na daɗe ina so in yarda da haka don in sami wanda zan ɗora wa laifi, amma ba haka ba ne. Baƙo ya zo an ba shi abinci, ina laifi? Mu ne dai aka rene mu a kan cewa ba a cin tuwon mutum a ɗaga masa murya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarbiyya ce mai kyau a gidan suruki. A ofishin wanda ka zaɓa da hannunka kuwa, ita ta hana mu gada. Mutumin nan ya kwana yana zaton ƙauyenmu ba shi da wata damuwa, tunda wakilinsa ne ya gaya masa da bakinsa.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Magana ba ta ɓuya a ƙauye, cikin mutum taran nan wani ya fesa. Idi bai ci mutuncina ba. Bayan la'asar a gindin darbejiya ya ce tunda tafiyar farko ba ta yi ba, a sake wata, amma a haɗa da mutanen ɓangarensu, waɗanda ba su da nauyin Onarabul a ka. Magana ce ta hankali. Ni kuwa da yake na san abin da na yi, sai na ji kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Na tashi na ce waɗanda suka sha ƙasa a zaɓe ba su za su koya mana yadda ake magana da namu ba, su jira nasu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a takarda ba. Da na koma gida na naɗe rigarsa na aika masa, ko na gode ban haɗa da ita ba.

Da bazara ta yi, Idi ya kira gayya. Ya ce tunda gada ba ta zo ba, a jera duwatsu da buhunan yashi a mashigin, ko amalanke ta riƙa wucewa. A lokacin amalankena ta fi ta kowa girma, shanuna sun fi na kowa ƙarfi. Na hana. Ban tsaya nan ba, na bi 'yan jam'iyyarmu ɗaya bayan ɗaya na ce kada wanda ya je, wai so suke su ɗauki hoto su kunyata Onarabul. Rabin gari ya fita, rabi ya zauna. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Suka jera dutse daga wancan bakin har tsakiya, ƙarfinsu ya ƙare, suka bar sauran.

Ka ga ikon Allah. A daminar nan Onarabul ya aiko wa 'yan gaban goshinsa taki, nawa kason ya fi na kowa. Na ɗaura shanu na je Maska na ɗauko, ina tafe ina jin kaina, ina so a gani. Ruwa bai kai ƙugu ba ranar. Na kora shanun, muna zuwa daidai inda duwatsuna ya kamata su zauna, ƙafar amalanke ta zurma, ta kife. Karkiya ta danne wuyan shanun cikin ruwa, suna ta harbe-harbe. Na tsaya ina salati, na rasa ta inda zan kama. Idi na wancan ƙetaren yana dawowa daga gona. Ko rigarsa bai cire ba ya faɗo, ya sa lauje ya yanke igiya, muka ja shanun waje. Takin kuwa ka san halinsa da ruwa, kafin mu waiwaya buhunan sun zama fanko. Kwaɗin rafin nan su suka ci moriyar siyasata a shekarar.

Idi ya matse rigarsa, ya ce, "Shanun dai sun tsira, Sale. Sauran Allah Ya mayar." Ya ɗauki laujensa ya tafi. Ka san abin da ubanka ya yi? Na ce masa sannu, kamar wanda ya ɗauko mini buta. Shekara huɗu bayan nan ba abin da ke haɗa mu sai sallama a masallaci. An yi sunan jikansa ban je ba. Ina jin zafin wannan har yau, don shekara huɗu a wurin masu furfura ba abin wasa ba ce.

Shi ya sa nake gaya maka, a teburin nan za ka ga 'yan adawa sun zo. Za a sami mai raɗa maka cewa wannan ba namu ba ne, bar shi a benci ya bushe. Kada ka bar shi. Onarabul ba na jam'iyya ba ne kaɗai tun ranar da ya yi rantsuwa, na duk wanda ke shan ruwan mazaɓar ne. Sau da yawa ma gaskiyar da naku ke jin nauyin faɗa, a bakin wancan za ka ji ta, don shi ba a rungume shi ba. In magana ta zo maka, ka duba ko gaskiya ce kafin ka duba hular mai ita. Ni hular na duba, na kuwa gaya maka inda takina ya ƙare.

Saura mafi muni, wanda ko Innarku ban taɓa gaya wa ba. Zaɓe ya zagayo, namu ya faɗi, na su Idi ya hau. Nan fa Sale Rediyo ya sami tasha. Ni da na kasa buɗe baki a gaban namu, sai ga ni kullum a teburin mai shayi ina zagin nasu. Har gidan rediyo nake bugawa a shirin da ake ba masu sauraro dama, in ce ga gada an yi alkawari an ƙi yi, kamar jiya aka fara alkawarin. Amma ko sau ɗaya ban taka na je wurinsa ba, ban rubuta masa ko layi ɗaya ba. Ba gada nake nema ba, so nake a ji sun kasa. Wata rana na ji ƙishin-ƙishin an ce an ga masu awo a bakin rafi. Maimakon in yi murna sai raina ya ɓaci. Wallahi tallahi, a zuciyata na ce Allah Ya sa kada a yi ta a zamaninsu. Ni da ke da mata da 'ya'ya a bayan rafin nan. Ashe masu awon ma na wani aiki ne daban, amma ni na riga na ga abin da ke cikina, kuma na tsorata da shi. Na yi istigfari, har yanzu ina yi.

Ka kiyayi wannan ciwo, don a inda za ka zauna ya fi yawa. In ka ji kana baƙin ciki da alherin da ya zo ta hannun wani ɓangare, ko kana murna da ɓarnar da za ta ba su kunya, to ka tashi ka yi alwala, siyasa ta fara cin imaninka. Kuma zagi daga nesa ba riƙe wakili ba ne. Na yi shekara biyu ina yi, ban ga ya ɗaga ko tsinke ba, sai dai mai shayi da ya yi ciniki.

Yadda muka shirya da Idi kuwa abin dariya ne. Nasu ma ya yi damina biyu shiru, sai suka haɗa tasu tawagar, Idi ne mai magana. Ranar da za su dawo na je bakin rafi na tsaya, daidai inda ya taɓa tsayawa yana jirana, don in rama. Ya sauko daga mota da sabuwar shadda a hammata. Na ce, cikin gatse, to Malam Idi, me ya ce? Ya gyara riƙon shaddar. Sannan ya ce, ya ce yana sane.

Na ce, "Shinkafa da kaji?"

Ya ce, "Har da lemo mai sanyi."

Dariya ta kama mu har sai da muka zauna a kan yashi, hawaye na zuba, mutane na kallonmu kamar mun taɓu. A nan na roƙe shi gafarar maganar darbejiya da ta gayya, na yi masa godiyar shanu da ta riga, duk a zama ɗaya. Ya ce shi ma da ya tsaya a gaban nasu, man kaza a hannu, ni ya fara tunawa.

Waɗanda suka koya mana yadda ake yi kuwa suna cikin gida duk tsawon shekarun nan, ba mu tambaye su ba. Famfon burtsatsen unguwa ya lalace wata da watanni, mata na zuwa rafi ɗiban ruwa. Innarku da Ladi matar Idi suka haɗa mata takwas har da su, huɗu daga kowane ɓangare, suka ce za su wurin kansila. Na yi musu dariya, na ce mu da muke da gemu ma me muka yi. Innarku ta ce ai gemun ne ya jiƙe da miya. Da safe ta sa kowace ta ci tuwo ta ƙoshi, suka ɗauki furarsu a jarka. Da suka isa aka kawo musu abinci, sai ta sa hannu ta mayar da murfin, ta ce sun gode Allah Ya ƙara arziki, amma a ajiye tukuna, magana suka kawo ba yunwa ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa kirari ba. Ta ce famfo ya mutu tun watan kaza, yara na gudawa, yaushe za a gyara? Ya ce nan ba da daɗewa ba. Ta ce ba da daɗewa ba ba ta cikin kwanakin mako, ya faɗi rana. Ya faɗa. Ranar na cika suka koma, su takwas ɗin. Ya ba da haƙuri ya sake sa wata, suka sake komawa. A zuwa na uku tare da mai gyara suka dawo a mota ɗaya. Ta ce mini a ranar ce suka ci kazarsa, kuma ba ta taɓa cin mai daɗinta ba.

Ka ga abin ba wuya gare shi ba. A je tare, a faɗi abu ɗaya, a nemi rana, a koma. Mu muka mai da shi wuya, da muka ɗauka wakili ko dai ubangida ne a durƙusa masa, ko maƙiyi ne a zage shi. Alhali ɗan aike ne, mu muka aike shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kansilan nan har yau suna gaisawa da Innarku da mutunci, ya ma fi ganin girmanta a kan nawa.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanka. Wannan Onarabul na yanzu ɗan jam'iyyarmu ne, na kuma tsaya masa a akwati kamar yadda na tsaya wa na farko. Shi ma ya zo bakin rafi, sai dai shi bai naɗe wando ba. Ga shi ya ɗauke ka aiki. Ba zan ɓoye maka ba, a gindin darbejiya an fara cewa aikin da aka ba ɗan Sale shi ne kazar bana, an toshe Rediyo tun kafin a kunna. Da na ji raina ya ɓaci, na tashi na bar wurin. Amma da na je gona na zauna, sai na ga ba su yi ƙarya duka ba. Ina son aikin nan naka. Na ga yadda ka sha wahalar karatu, na ga shekarun da ka yi kana yawo da takardu. In na tsaya gaban mutumin nan na matsa masa, ban san yadda zai ɗauka ba. Yana iya zama mai faɗin zuciya, haka nake zato, haka nake roƙo. Yana kuma iya huce haushinsa a kanka. Na auna wannan kwana da kwanaki.

Ga abin da na yanke, kuma ina neman ka yafe mini tun yanzu in ya taɓa ka. Zan yi magana. Takardunka ne suka ba ka aikin nan, ba shiruna ba, in kuwa shiruna ne to ba aiki ba ne, tuwon toshiya ne, ba na so ɗana ya ci. In abin ya zo da ƙaddara, gonar fadama na nan, ɗakinka na nan, ba a taɓa korar mutum daga gidan ubansa ba. Kai kuma kada ka shiga tsakani. Kada ka je ka ba shi haƙuri a madadina, kada ka ce masa tsoho ne a yi masa uzuri. Ka yi masa aiki da gaskiya da amana, ka rufa masa asirin da ya kamata a rufa, amma kada ka taɓa gaya masa gida lafiya alhali ba lafiya ba. Masu gaya masa haka sun yi masa yawa, ni ma na taɓa zama ɗaya.

Mun riga mun shirya da mai unguwa. Da an gama yankan dawa, kafin su zauna rabon ayyukan baɗi, za mu zo. Mu goma sha biyu ne, shida namu shida na su Idi, magana ɗaya za mu kawo, ta gada, kuma ba za mu tashi ba sai da rana. An sake cewa ni zan yi magana. Na ce a ba Idi, ya ce a'a, wanda ya zubar shi ke kwashewa. Ya ma sake ara mini rigar, ko da yake yanzu ta ɗan kama ni a ciki. Innarku ta ce ita za ta tuƙa mana tuwon asuba da kanta, kuma za ta tsaya a kaina sai na cinye.

In mun iso ba zan dube ka ba, ka san hali. Ka rubuta sunana kamar na kowa, ka ba mu wurin zama. Abu ɗaya nake roƙonka: ka riƙe abincin nan. Ko an ce ka kawo, ka ce yana kan wuta. Kada ko ruwan lemo ya shigo ɗakin sai na gama.

Na san kaina kuma, shi ya sa zan ƙara da wannan. Mai yiwuwa ya shigo ya rungume ni, ya tambayi ƙafata, ya ce ɗanka yaron kirki ne, jawabin ya sake bin iska. In ka ji na fara cewa gaisuwa ce muka kawo, to na ba ka izinin abin da ban taɓa ba ka ba tun da aka haife ka. Ka taso daga teburinka, a gaban Onarabul da Idi da kowa, ka dube ni ido cikin ido ka ce, "Baba, me ya kawo ku?" Ba zan ɗauke shi rashin kunya ba. Zan amsa maka.

Ka riƙe salla a kan lokaci. In za ka zo gida ka taso da wuri, ka bi hanya ido na ganin ido. Innarku na gaishe ka, su Hajara na gaishe ka, Babanka Idi ya ce a gaya maka kazar ta zama babba, don in an gama magana ba zai ji kunyar kowa ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ikon riƙe amana, Ya sa ka gama da mutanen nan lafiya, Ya dawo mana da kai cikin aminci. Allah Ya nuna mana ranar da za ka zo da damina ka wuce rafin nan ba ka cire takalmi ba. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sale